Gwanin Giya Mai Harshen Aro

Wani ne a garin Greenbelt na Amurka, mutumin Kano, yana aikin kwamfuta a wani ofishin gwamnati. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana nan da ransa, kuma ya yi mini halacci lokacin da mijina Dung ya rasu, don shi ya yi ta jigilar 'yan gaisuwa da motarsa. Mu ce masa Malam, yadda Dung yake kiransa. Labarin ma na Dung ne. Shi ya iya ba da shi, da kwaikwayon murya da tafiya da komai. Tunda ba ya nan, sai ku yi haƙuri da nawa bakin.

Malam mutum ne mai kara, irin wadda ta zama ciwo. In ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka cewa sannu. Giya kuwa bai taɓa kai ta bakinsa ba tunda aka haife shi. Bayan Allah, mutum ɗaya yake tsoro a duniya: surukinsa Alhaji Maitama, tsohon alƙali, wanda sai da ya juya shi kamar waina a tanda kafin ya ba shi 'yarsa Haula. Ko a waya Alhaji ya kira daga Kano, Malam sai ya sa hula sannan ya ɗauka. Ba shi da wata dukiya da ta wuce mutuncinsa a idon tsohon nan.

Hunturun da suka tare a sabon gida, dusar ƙanƙara ta sauko kamar da gayya. Malam ya leƙo da safe, sai ya ga an share masa ƙofa tas, an tono motarsa. Aikin maƙwabcinsa ne, Joel, wani tsohon Bature da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ya dafa giya a ɗakin ƙasa na gidansa, ya ɗura a kwalabe, ya raba wa mutane.

Da yamma sai ga Joel a bakin ƙofa, hancinsa ya yi ja saboda sanyi, yana rungume da ƙaramin kwali.

"Barka da zuwa unguwa," in ji shi. "Da hannuna na dafa ta. Amma tsaya, na ga matarka da lulluɓi. In addininku ya hana, ka gaya mini, ba zan ji haushi ba."

Kun ji fa. Tsohon ya buɗe masa ƙofar fita, har ya ɗage masa labule. Amma Malam ya dubi jan hancin nan, ya dubi shebur ɗin da ke jingine a bango, sai ya miƙa hannu biyu.

"A'a, ba komai. Na gode ƙwarai."

Haula tana bayan ƙofa tana ji. Yana shigowa ta tare shi.

"Mene ne ba komai?"

"Ke, rage murya. Bangon gidajen nan takarda ne."

"Giya ce fa a hannunka, Abban Afnan."

"Mutumin da ya share mana ƙanƙara? Ai ba a mayar da hannun kyauta baya."

"To ka sha."

"A'uzu billahi!"

"To ka mayar."

"Haula, ki ji tsoron Allah. Ba ki ga hancinsa ba?"

"Na gani. Ranar da Baba ya ji, sai ka ba shi labarin hancin."

A nan Dung ya shigo cikin maganar. Mu 'yan Jos ne, Kiristoci, muna zaune a Gaithersburg. Dung bakanike ne. Ranar da Malam ya fara kai masa mota, ya same shi yana zagin inji da Hausa, shi ke nan suka ƙulle. Kuma Dung, Allah ya ba shi hutawa, ya san giya yadda mahauci ya san nama. Ba mashayin banza ba ne, ban taɓa ɗauko shi a kwata ba. Kwalba ɗaya zai zauna da ita duk yamma, yana lallaɓa ta kamar mai zance.

Malam ya sa kwalin a but ɗin mota, ya rufe da tsohon bargo, ya hau babban titin Beltway yana istigfari, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da gawa. Da ya iso gidanmu bai yarda ya sake taɓa kwalin ba, sai Dung ne ya fita ya ɗauko.

Dung ya zuba a kofin gilashi, ya ɗaga wa taga, ya sansana, ya kurɓa, ya lumshe ido. Malam yana tsaye can bakin ƙofar kicin, ya toshe hanci da hula.

"Oga Dung, yaya?"

"Tsohon nan yana da hannu," in ji Dung, "amma ba shi da haƙuri. Ya sauke ta ba ta nuna ba. Farkonta sallama, tsakiyarta hira mai daɗi, ƙarshenta kuwa kamar ka tauna shuwaka. Da ya bar ta ta ƙara kwana, da ta yi hankali."

Da kwalaben suka ƙare na wanke su tas, Malam ya zo ya kwasa. Haula kuwa, duk faɗanta, 'yar gidan mutunci ce. Ta ce kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam, ko me ya zo a cikinsa. Ta cika kwalin da dambun nama da cincin.

To ku duba ta wajen Joel. Ka ba mutum giya, kwalabe sun dawo a wanke, har da tukwici. Me za ka ɗauka?

"Yaya ka ji ta?" in ji shi, bakinsa cike da dambu.

Malam ya buɗe baki zai ce ta yi daɗi, sai ya ga ai wannan ƙarya ce tsagwaronta. Gara ya faɗi gaskiya, ko da ta aro ce. Ya juye masa maganar Dung kaf da Turanci, da sallamar da hirar da shuwakar, har da cewa ba shi da haƙuri.

Joel ya nemi matakala ya zauna.

"Shekara da shekaru ina ba mutane," ya ce. "Kowa sai ya ce ta yi daɗi, in na juya baya su zuba wa fulawa. Matata ce kaɗai take gaya mini gaskiya. Ita ma abin da take cewa ke nan, ba ni da haƙuri. Ɗan'uwa, Allah ne ya kawo ka unguwar nan."

Malam ya ce, "Ba komai."

Daga nan hanya ta buɗe. Duk tukunyar da Joel ya sauke, kwalin farko na Malam ne. Kwali ya hau Beltway, Dung ya yanke hukunci, ni in wanke, Haula ta soya, Malam ya haddace ya kai. Dung kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Da baƙa mai kauri ta zo, ya ce wannan dattijuwa ce, a zauna da ita kusa da ɗumi, kada a jefa ta firji ta yi mura. Fara ta alkama ya ce ta 'yan makaranta ce, amma in ka fito daga ƙarƙashin mota a watan Yuli ba ta da na biyu. Mai ɗacin ganyen nan da samarin Amurka masu gemu suke yayi, ya ce sun ɗauka yatsine fuska shi ne jarumta. Ranar da ta kabewa ta zo, kurɓa ɗaya ya yi ya ture kofin.

"Ka gaya masa kabewa ta miyar taushe ce. Kowa ya tsaya a matsayinsa."

Malam ya kai saƙo. Joel ya zubar da tukunya guda a magudana.

Sai abokan Joel suka fara aiko da tambaya ta bakinsa. Wai gwanin nan, wane gidan giya yake zuwa in yana son ya zauna? Malam ya ce zai yi tunani, ya shige bayi ya kira Dung. Ni ina gefe ina jin amsar.

"Ka ce kada su je inda talabijin ya fi mutane yawa. Kada su je inda kujera ba ta da majingina, masu wurin ba sa son ka daɗe ne. Akwai wani a Baltimore bakin ruwa, giyarsu ba laifi, amma kafin ka sami inda za ka ajiye mota ƙishin ya wuce. Wanda ya fi duka shi ne na Tracy, nan kusa da ku, bayan shagon wanki. Ba kiɗa, kofunanta a wanke, tana ba da gyaɗa, kuma in ta ga ka isa sai ta ce tashi ka tafi gida. Yana tuna mini gidan burukutun wata tsohuwa a Kuru, can wajenmu. Ƙwarya ce kawai babu, da kare a ƙarƙashin benci."

Malam ya isar da wannan ma, ya dai cire karen. Kafin ka ce me, tsofaffin Greenbelt sun koma gidan Tracy, kowa yana cewa wani ɗan Najeriya ne ya turo shi.

Haula ta ce, "Ranar da ɗan tasi Bahaushe ya ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin nan, kafin la'asar labari ya isa Kano."

"Zan gaya masa gaskiya," in ji Malam. "Ina jiran lokacin da ya dace ne."

"Yaushe ke nan?"

"Ba dai yanzu ba. Jiya ya gyara mana famfo."

Ana cikin haka Dung ya fara ciwon da ya tafi da shi. Likita ya ce ko ɗigo kada ya ƙara, ni kuma na tsaya a kan maganar likita da ƙafa biyu. Malam ya zo dubiya. Suka zauna jugum, ban san wanda ya fi wani tagumi ba.

"Oga Dung, yanzu ya zan yi?" in ji Malam. "Ranar Asabar ƙungiyarsu ta masu dafawa a gida za ta yi gasa a gidan Tracy. Ni suka zaɓa alƙali."

Na ce, "Ka ce musu ba ka sha mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. "Maman Sophia, bayan dambun nan duka?"

Dung ya gyara zama. "Sha aka hana ni, ba a hana ni hanci ba. Mu je tare."

Na ce su je. Amma na gaya wa Malam amana na ba shi. In na ji ko warinta a bakin Dung, shi zan kama.

Ranar Asabar ana tsala rana, Malam ya ajiye mota can gaban wani kantin magani, ya sa baƙin tabarau, ya ja hular sanyi har gira. Dung ya ce da suka zo ƙofar gidan Tracy, sai da Malam ya tsaya ya canja ƙafa, ya shiga da ta hagu kamar mai shiga bayi.

Suna shiga aka kaure da tafi. Tracy da kanta ta fito ta ja masa kujera mai majingina, ta jera ƙananan kofuna a gabansa, babu sunan kowa a jiki. Malam ya ce su gafarce shi, yau yana azumi. Da gaske kuwa ya ɗauki na nafila tun asuba, don kada ya yi ƙarya.

Wani mai gemu ya ce, "To da me zai yi hukuncin?"

"Ku dai zuba ido," in ji Joel.

Malam ya nuna Dung. "Wannan abokina ne. A ƙasarmu ba a yanke hukunci sai da shawara."

Ya naɗe hannu da tishu, ya ɗaga kofin farko ga haske, ya gyaɗa kai kamar ya ga wani abu, ya miƙa wa Dung. Dung ya sansana, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Wannan fitsarin jaki ne."

Malam ya juya ga jama'a da Turanci. "Wannan tana da ƙamshin karkara. Tana tuna wa mutum dabbobin gida."

Mai ita, wani likitan haƙori, ya dafe ƙirji. Ya ce wallahi abin da yake nema ke nan tun bara.

Aka zo ta biyu.

"An wanke safa a cikin wannan," in ji Dung.

"Wannan ta yi doguwar tafiya kafin ta iso," in ji Malam.

Ta uku Dung bai ma kai ta hanci ba. "Wanda ya yi wannan a kama shi."

"Mai wannan ya kamata hukuma ta san da zamansa," in ji Malam. Mai gemun nan ne. Ya tashi ya rusuna, abokansa suna bubbuga masa baya.

Haka aka yi ta yi har aka zo kan wata jaja-jaja mai kumfa kamar auduga. Dung ya sansana. Ya sake sansanawa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, wannan ta tsohonka ce, na san hannunsa. Ya yi haƙuri a ƙarshe. Ita ce. Don girman Allah ka kau da kai, kurɓa ɗaya zan yi."

"Maman Sophia ta ba ni amana."

"Ba za ta sani ba."

"Za ta tambaye ni. Ni kuwa ban iya ƙarya ba."

"Kai? Kai ne ba ka iya ƙarya ba? Dubi inda kake zaune!"

Malam ya zare kofin daga hannunsa, ya ɗaga sama, ya ce wannan ta ci. Har Dung ya bar duniya yana cewa ya yafe wa kowa komai, ban da kurɓar nan.

Tracy tana da 'yan tukwanenta na dafawa a bayan gidan. Ta ce za ta riƙa dafa irin ta Joel tana sayarwa a kwalba, ya zaɓa mata suna. Washegari sai ga Joel a ƙofar Malam, yana murza hularsa a hannu.

"Sunan matata na so in sa," ya ce, "amma ita ba ta son a nuna ta. Bayan ita kai ne ka gyara mini hannu. Ina so in sa sunanka da fuskarka a jikin kwalbar. In ba ka so, ka ce a'a. Ba zan ji komai ba."

Hawaye ya gangaro wa tsohon har gemu. Malam ya dubi hawayen.

"Ba komai."

Joel ya ɗaga waya zai ɗauka, Malam ya ce ya dakata, ya shige gida da sauri. Haula ta ɗauka Allah ya kawo ranar, ya shigo ne ya tattaro ƙarfin hali. Sai ga shi ya fito da babbar riga da hular Sallah.

"Ina za ka?"

"Hoto Joel zai ɗauke ni."

"Na me?"

"Na tarihi ne. In dai za a yi abu, ai a yi shi da mutunci."

Ba a daɗe ba aka bugo daga Kano. Ciwon yana ya rufe wa Alhaji Maitama ido, zai zo a yi masa aiki, a gidan 'yarsa zai sauka. Malam ya je filin jirgin Dulles da hula ya ɗauko shi, ya riƙo hannunsa har mota. Tsohon ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Malam ya ce a ransa, ciwo ba daɗi, amma wani ciwon rufin asiri ne.

Duk da haka ya tsallaka wajen Joel, da niyyar ya roƙe shi kada ya kawo kwali sai baƙo ya tafi.

"Surukina ya zo," ya fara. "Babban mutum ne ƙwarai a garinmu."

"Madalla!" in ji Joel. "Ya ake yi a al'adarku? Maƙwabci yana zuwa gaisuwa?"

"E, yana zuwa, amma..."

"Kuma na san ku, ba a zuwa hannu rabbana. Kada ka damu. Sai an gama aikin idon zan shigo."

Malam ya tsaya da sauran maganar a baki. Joel ya cika masa leda da tumatirin lambunsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya dawo gida.

Aka yi aiki lafiya. Ranar da aka cire bandeji muka je dubiya, ni da Dung. A lokacin ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma ya ce sai ya je ya ga alƙalin da ake sa wa hula a waya. Na yi farfesun kaza na kai.

Muka tarar da Alhaji a falo kamar yaron da aka saya wa keke. Komai ya gani sai ya karanta. Ya karanta kalandar bango. Ya karanta kwalin shayi. Ya karanta ƙananan rubutun jikin maganinsa har ƙasa. Ya dubi Haula ya ce ashe ta yi ƙiba, ya dubi Malam ya ce ashe ya fara furfura.

"Ikon Allah," yake ta cewa. "Ku miƙo mini wani abu in karanta."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Joel ne. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa yadda ya ga ana yi, ya ɗan rusuna, ya ce "Sannu," da irin Hausarsa. A hannunsa kwali ne sabo fil, an ɗaure da jan ƙyalle. Malam ya miƙe zai tare shi, amma ya riga ya iso tsakiyar falo. Haula ta shige kicin ta bar ƙofa a buɗe. Dung ya sunkuyar da kai cikin farfesu.

Joel ya kwance ƙyallen, ya zaro kwalba ɗaya, ya sa wa Alhaji a hannu.

"Na farko da suka fito ke nan," ya ce. "Na ce babu wanda ya cancanci ya fara gani sai kai. Ka yi sa'ar suruki. Babu harshe irin nasa a duk Maryland. Duk tukunyar da na dafa tunda ya zo unguwar nan, ta bakinsa ta bi."

Alhaji yana jin Turanci kamar ruwa. Ya kawo kwalbar kusa da fuska. Ya nisanta ta. Ya rufe idon da aka gyara, ya sake buɗewa, ko likita ne ya yi kuskure. Ga Malam nan dai, babbar riga, hular Sallah, murmushi har kunne, kumfa tana zuba ta bayan kafaɗarsa. A ƙasa sunansa da na mahaifinsa, babu kuskuren ko harafi ɗaya. Alhaji ya karanta a fili, a hankali, yadda ake kiran wanda ake ƙara a kotu.

Sannan ya ɗago ya yi wa Joel godiya da Turancin kotu. Ya tambayi lafiyarsa, ya yi masa ta'aziyyar matarsa, ya ce Allah ya bar zumunci. Joel ya fita yana share ido don daɗi.

"Rufe ƙofar," in ji Alhaji.

Malam ya rufe, ya zube a kan kafet.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Hular?"

"Tawa ce."

"Murmushin fa?"

"Cewa ya yi in yi."

"Dole aka yi maka?"

"A'a. Tambayata ya yi."

"Ka ce masa me?"

Malam ya cire hularsa. Daga kicin Haula ta ce, "Ba komai."

"Ban kira ki ba tukuna," in ji Alhaji.

"Baba, wallahi tallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba," in ji Malam. "A kawo Alƙur'ani in dafa."

Dung ya ajiye cokali, ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ina da shaida."

"Kai ne wa a cikin maganar?"

"Ni ne cikin da ta shiga. Duk wadda ta shigo gidan nan, ni na shanye ta a Gaithersburg. Shi ɗan aike ne kawai. In faɗa, ya haddace, ya kai. Ko ranar da suka naɗa shi alƙalin gasa, azumi yake yi. Ni na sansana masa."

"Alƙali," in ji Alhaji. "Har alƙalanci ya yi."

"Ya yi adalci kuwa, ranka ya daɗe. Wadda ta ci ta cancanta. Da likita bai hana ni ba, da na rage maka kayan shaida."

Na taka masa ƙafa. Alhaji ya juyo gare ni, na ce gaskiya ne, ni na riƙa wanke kwalaben. Ya ce yanzu Haula ta fito. Ta fito tana murza gefen mayafi, ta ce ita dambu kawai ta soya.

"Dambun me?"

"Tukwici, Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ya sake duban kwalbar. Malam ya matso da gwiwa, hula a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, duk abin da za ka yi mini ka yi. Amma don Allah ka yarda da ni a kan abu ɗaya. Ban taɓa sha ba."

Alhaji ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya juya fuskar hoton ta kalli bango.

"Bar Alƙur'ani a inda yake," ya ce. "Na yarda."

Malam ya ɗago kai. "Ka yarda, Baba?"

"Na tsufa ana gurfanar mini da mashaya iri-iri. Ban taɓa ganin wanda giya ta kai shi nan ba. Wannan da hankalinka ka yi."